Kasafin Tiriliyoyi, Famfo Babu Ruwa: Ina Kuɗin Jihohi Ke Maƙalewa?

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ke ci. Kafin rana ta take, kara ta cika maƙil: bijimai masu manyan ƙahoni, raƙuman da aka koro daga cikin Nijar, raguna da awaki an ɗaure su jere-jere. Dillalai na ta kai-kawo, a ja hannun mai saye a koma gefe a yi ƙus-ƙus, a dawo a taya, mai dabba ya ce albarka, a ƙara, har a kai ga sallamawa. Can bakin kasuwa tireloli sun juya baya, ana tura shanu ciki ɗaya bayan ɗaya, za a yi Legas da Fatakwal da su.

Kafin direba ya ta da mota, aljihun falken da ya yi lodi ya riga ya cika da rasidai. Akwai na ƙaramar hukuma, akwai na jiha, akwai na duba lafiyar dabba, ga kuma na ƙungiya. Wannan somin-taɓi ne. Tsakanin iyakar Nijar da bakin teku zai tarar da shingaye bila adadin, wasu da kaki, wasu da sanda mai ƙusoshi, kowa da tasa takardar da sunan harajin da ya raɗa mata. Duk abin da aka karɓa a hanya, a kan kuɗin nama zai fita.

Irin waɗannan fatake ba su cika musun cewa gwamnati na da haƙƙi a dukiyarsu ba. Tambayarsu dai ita ce tambayar mai shago a Kantin Kwari da ma'aikacin da ake zaftare wa albashi duk wata: me aka yi da abin da aka karɓa? Tambayar ta ƙara ƙarfi a 'yan shekarun nan, domin gwamnoni na ambaton alƙaluman da a da sai a bakin shugaban ƙasa ake jin su, alhali a unguwanni da ƙauyuka da yawa har yau 'yan garuwa ke shayar da jama'a.

Kuɗi sun ƙaru, darajarsu ta ragu

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, cikin makonni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Talaka ya ji a jikinsa nan take. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000. Amma a ɗaya ɓangaren, asusun tarayya ya cika. Kafin janye tallafin, abin da ake rabawa a wata tsakanin matakan gwamnati uku yakan tsaya wajajen naira biliyan 700. A wasu watannin 2025 ya haura tiriliyan 2.

Alƙaluman hukumar NEITI sun nuna cewa jihohi sun karɓi kusan tiriliyan 3.6 daga rabon 2023, a 2024 kuma kusan tiriliyan 5.8. Hakan ya bayyana a kasafinsu. Na Kano bai kai biliyan 300 ba a 2023, amma na 2026 ya haura tiriliyan 1, karo na farko a tarihin jihar. Na Kaduna ya tsaya dab da tiriliyan, na Katsina da na Jigawa kowanne kusan biliyan 900.

Kwamishinonin kuɗi kan yi saurin tunatar da masu suka cewa nairar yau ba ta jiya ba ce, kuma da gaskiyarsu. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 a farkon 2023 ta kai wajajen 1,500 a 2024. Buhun simintin da ake saye kusan naira 5,000 ya ninka. Hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin 100 a ƙarshen 2024. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Idan aka auna kasafin Kano da dala, abin da ya yi kama da ninki biyar bai cika ninki biyu ba.

Ga kuma bashin waje, wanda da dala aka ci shi, da dala kuma ake biya. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya shaida wa taron jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma daga cikin biliyan 10 na kason Kaduna na wannan watan an cire biliyan 7 tun daga Abuja don biyan bashi.

Duk da haka, ko bayan an cire wannan an ɗebe wancan, ƙarin da ya rage ba kaɗan ba ne. Jihohin da a 2015 sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto kafin su biya albashi, yau su ke ba da kwangilar gadar sama.

Abin da jiha ke tarawa da guminta

Kuɗin jiha ta ƙofa uku suke shigowa: kason wata-wata daga Abuja, kuɗin shiga na cikin gida, sai rance da tallafin ƙasashen waje. A rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kusan kashi 53 cikin 100, jihohi 36 su raba kusan kashi 27, ƙananan hukumomi 774 kuma kusan kashi 21. Jihohi masu man fetur suna da kashi 13 na kuɗin ma'adinai da ake ware musu tun kafin a fara rabon.

A ƙofa ta biyu ne Arewa ke da rauni. Bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, jihohi da Abuja sun tara kusan tiriliyan 3.6 a cikin gida a 2024, kuma Legas ita kaɗai ta tara fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi. Kano da Kaduna kowacce ta ɗan haura biliyan 70. Yobe, mai babbar kasuwar shanu ta Potiskum, ta tsaya wajajen biliyan 11. Ma'ana, Legas na iya ɗaukar fiye da rabin kasafinta da abin da ta tara, Kano kuwa abin da ta tara a shekarar bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kasafinta ba.

Ba don babu hada-hada ba ne. Duk wanda ya ga yadda ake loda hatsi a Dawanau ko yadda kwali ke fita daga Singa ya san kuɗi na juyawa. Sai dai kusan rabin abin da jihohi ke tarawa daga harajin albashi yake fitowa, wanda ake cirewa kafin kuɗin su shiga hannun ma'aikaci. Jihar da ke da bankuna da masana'antu da manyan kamfanoni ta huta. Jihar da arzikinta ke gona da kasuwa, inda ake ciniki hannu da hannu ba tare da rubutu ba, sai dai ta bi mutane da rasidi. Wannan ne ke haifar da abin da ake gani: babban ɗan kasuwa mai rumbuna goma yana iya shekara bai ga jami'in haraji ba, mai tura baro kuwa kullum sai ya yanki tikiti.

Akwai jihohin da suka gwada gyara. A 2016 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta haɗe dokokin harajin Kaduna wuri guda, ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu, ta damƙa tarawa ga hukuma ɗaya tak. Kuɗin shigar jihar ya tashi daga wajajen biliyan 13 zuwa sama da biliyan 50 cikin shekara biyar. Masu goyon baya sun ce toshe ɓaraka ce ta kawo ƙarin, 'yan kasuwa da dama kuwa sun koka da tsanani. A Kano, harajin naira 100 a kullum da aka ɗora wa masu adaidaita sahu ya jawo yajin aiki a Fabrairun 2021, har birnin ya wayi gari ɗalibai da ma'aikata na takawa a ƙasa.

Daga jangali zuwa kason Abuja

Ƙasar Hausa ba baƙuwar haraji ba ce. Tun kafin zuwan Turawa ana biyan kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi. Turawa sun tsara abin, suka kafa Baitulmali a masarautu, aka fara daga Katsina. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni. En'e takan riƙe rabi ko fiye, sauran a miƙa wa gwamnati. Da irin wannan kuɗin En'e ta Kano ta gina asibitin birni, ta kuma jawo ruwan Challawa da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Amma dattawa ba su manta da ɗaya fuskar ba. An shanya magidanta a rana saboda haraji, an sayar da akuyar gida da hatsin ci, wasu sun tsere daga garuruwansu, Fulani sun ɓoye shanu a daji ranar ƙidaya. A kan wannan zalunci NEPU ta Malam Aminu Kano ta gina siyasarta. Shi ya sa da gwamnonin PRP, magajiyar NEPU, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, aka yi ta murna har ƙauyuka.

A lokacin kuɗin man fetur sun riga sun maye gurbin gyaɗa da auduga. Talaka ya huta da dogarai, amma wani abu ya tafi tare da su. Gwamnan da kuɗinsa ke zuwa daga Abuja ko jama'a sun ji daɗi ko ba su ji ba, ba shi da dalilin lallashinsu sai lokacin zaɓe. Jama'a kuma suka koma ɗaukar dukiyar gwamnati a matsayin ta gwamna. In ya gina aji biyu sai a ce ya taimaka, a kai masa ziyarar godiya, a rubuta sunansa a jikin bango.

Rigimar VAT

Wannan dogaro da kaso ne ya sa hankalin Arewa ya tashi a Oktoban 2024, lokacin da shugaban ƙasa ya aika wa majalisa ƙudurori huɗu na gyaran haraji, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. Inda aka fi ta da jijiyar wuya shi ne rabon harajin VAT, wanda ke kan kashi 7.5 tun 2020. A tsohon tsari, kason jihohi ana raba rabinsa daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, kashi 20 bisa inda aka tara. Sabon ƙuduri ya nemi a ɗaga na ƙarshen zuwa kashi 60, a kuma riƙa ƙara harajin kansa har ya kai kashi 15 a 2030.

Gwamnonin Arewa 19 da sarakuna sun taru a Kaduna ƙarƙashin jagorancin Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe, suka yi fatali da shi. Hujjarsu ita ce bankuna da kamfanonin waya da na siminti duk a hedkwatarsu suke biyan VAT, hedkwatar kuma galibi a Legas take. Katin wayar da aka saya a Gusau, a littafin Legas ake rubuta harajinsa. Sun ƙara da cewa abin da Arewa ta fi samarwa, wato abinci, ba a ɗora masa VAT, don haka ba ya shiga lissafi. Gwamna Babagana Zulum da Sanata Ali Ndume na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, malamai ma suka shigo da batun a huɗubobi, musamman kan fargabar harajin gado.

Kwamitin ya mayar da martani cewa an yi wa ƙudurin gurguwar fahimta: manufar ita ce a daina lissafi da hedkwata, a koma lissafi da inda aka yi amfani da kaya, abin da zai amfani jiha mai yawan jama'a irin Kano. A Kudu kuwa ƙorafin ya daɗe. Tun 2021 Ribas ta yi nasara a Babbar Kotun Tarayya ta Fatakwal kan ikon karɓar VAT da kanta, Legas ta mara mata baya, kuma masu sharhi a can sukan yi gorin cewa jihohin da ke fasa kwalaben giya suna cin kason harajinta.

Bayan an kai ruwa rana, gwamnonin ƙasar baki ɗaya suka yi sulhu a Janairun 2025: rabi daidai wa daida, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, kashi 20 bisa yawan jama'a, harajin kuma ya tsaya a kashi 7.5. Gwamnatin tarayya ta rage kasonta daga kashi 15 zuwa 10, na jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55. An sa hannu kan dokokin ranar 26 ga Yunin 2025, manyansu suka fara aiki a Janairun 2026.

Wata uku aka shafe ana muhawara a rediyo da masallatai da majalisun shayi kan yadda za a raba kuɗin a Abuja. Kasafin jihohin da za su kashe kuɗin kuwa, a daidai wannan lokacin majalisun dokoki da yawa suka amince da shi cikin 'yan makonni, ba tare da wani ya ɗaga murya ba.

Sabuwar doka da aljihun jiha

Sabuwar dokar ta yafe haraji kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, kuma mai karɓar mafi ƙarancin albashi ba ya biyan komai. Masu manyan kuɗi ne harajinsu ya tashi, har zuwa kashi 25. Abinci da magani da karatu ba su da VAT.

Ga ƙaramin ma'aikaci wannan sauƙi ne. Ga hukumomin haraji na jihohin Arewa kuwa abin dubawa ne, domin harajin albashi na jiha ne, kuma galibin masu biyansa a irin waɗannan jihohi malaman firamare ne da masinjoji da ƙananan ma'aikatan lafiya, wato waɗanda aka yafe wa ko aka rage wa. Dole a nemi cike giɓin a wani wuri.

Masana sun daɗe suna nuna wurin: filaye da gine-gine. Gida ba ya gudu, ba ya ɓuya, kuma mai katafaren bene a Nasarawa GRA ya fi mai tallan kayan miya ƙarfin biya. Kaduna da Kano sun kafa hukumomin taswirar filaye, KADGIS da KANGIS, don a san wa ya mallaki me. Matsalar ita ce masu manyan filaye su ne masu faɗa-a-ji, kuma su ke ɗaukar nauyin 'yan takara.

Ɗaya alƙawarin gyaran shi ne rage yawan haraje-haraje. Oyedele ya sha faɗin cewa waɗanda doka ta sani sun haura 60, waɗanda ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba kuma sun haura 200, burin shi ne a mayar da su ƙasa da 10. Amma doka ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji tun 1998, kuma shingayen suna nan. Yawancin masu tsayawa a kansu yaran siyasa ne da aka sallama da tikiti a maimakon aiki.

Tsakanin takarda da ƙasa

A kan takarda, kasafin jihohin Arewa abin yabo ne. Da yawansu kan ware kashi 60 zuwa 70 ga manyan ayyuka. Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, ta kuma riƙa ware masa kusan kashi 30. Wasu na cewa sun cika kashi 15 na lafiya da shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja a 2001.

Sai dai shiga kasafi daban, sakin kuɗi daban. A ɗauki rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana da aka rubuta wa wani ƙauye. Majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu. Daga nan ma'aikatar ruwa za ta rubuta takardar neman izini, fayil ya je gidan gwamnati ya jira. In an amince, ya wuce ofishin tantance kwangila, sannan ofishin akanta-janar, inda zai shiga layi bayan albashi da fansho da bashi da kuɗin tsaro. In an yi sa'a a biya ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami a watan Agusta, lokacin da damina ta yanke hanyar ƙauyen. Ya kafa allo, ya haƙa rami, ya jira sauran kuɗi. Kafin su fito farashin tanki da faranti ya tashi, ya nemi a sake duba kwangilar. Disamba ta yi, kasafi ya mutu, a sake rubuta aikin a na baɗi.

Ko an gama ma, da sauran rina a kaba. Kasafi na son sabon gini, ba ya son gyara. Injin da ya tsaya saboda ƙaramin abu yana iya shekara a kashe, domin babu layin da aka rubuta kuɗin gyaransa. Haka ɗakin shan magani: ga fenti, ga allo, babu ungozoma, babu magani.

Manyan ayyukan birni ba su cika shan wannan wahala ba. Masu kare gwamnatoci na cewa birni irin Kano na buƙatar gadoji saboda cunkoso, kuma a nan kasuwanci yake. Masu suka na cewa kuɗin gada ɗaya ya isa gina ɗaruruwan azuzuwa, a Arewa, yankin da binciken talauci na 2022 ya ce yana ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na mutum miliyan 133 da ke cikin ƙunci. Suna kuma nuni da asusun UBEC: dokar 2004 ta ce jiha ta ajiye naira ɗaya a ba ta ɗaya don makarantun firamare, amma shugabannin hukumar sun sha kokawa cewa sama da biliyan 100 na jibge saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba.

Kusa da jama'a, nesa da kuɗi

Kwalbati da rumfar kasuwa da kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne. Amma kundin tsarin mulki ya ce kasonta ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, kuma shekara da shekaru a nan yake narkewa. Ciyaman ya biya albashi, ya raba ɗan abin da ya saura, ya koma birni sai wani watan.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura kuɗin kai tsaye, kuma kada a ba ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita. Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe, jam'iyyar gwamna ta lashe kusan kowace kujera a kusan ko'ina. Fiye da shekara guda bayan hukuncin ana ta jan ƙafa kan buɗe asusu a Babban Banki.

Gwamnoni na da tasu hujjar. Sun ce akwai ƙananan hukumomin da kasonsu ba ya isa biyan malamai da ma'aikatan lafiya, sai an haɗa an cike musu daga na wasu. Ƙungiyar malamai ta NUT ma ta daɗe tana ɗari-ɗari, domin ba ta manta da shekarun 1990 ba, lokacin da albashin firamare ya koma hannun ciyamomi aka yi watanni ba a biya ba. Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE kuwa na ganin duk wannan dabara ce ta ci gaba da riƙe lalitar.

Gwajin kai kuɗi mazaɓa

Wasu jihohi sun fara neman hanyar da za ta kai kuɗi ƙasa kai tsaye. Katsina ta ƙaddamar da shirin raya al'umma a mazaɓunta 361 a ƙarshen 2024, inda kwamitin gari ke zaɓar abin da ya fi damunsa. Kaduna, wadda ta daɗe tana tattara buƙatun al'umma kafin rubuta kasafi, ta ware naira miliyan 100 ga kowace mazaɓa daga cikin 255 a kasafin 2026. A Jigawa, Gwamna Umar Namadi ya zagaya ƙananan hukumomi 27 da kwamishinoninsa a shirin Gwamnati da Jama'a.

Tunanin ba sabo ba ne. A shirin CSDP na Bankin Duniya, al'umma ce ke zaɓar aiki, ta kawo ɗan kasonta ko da yashi ne da aikin gayya, ta buɗe asusu, ta sa ido a kan magini. Shirin AGILE na karatun 'yan mata ma kwamitocin makarantu yake tura wa kuɗin gyara. Dalilin da ya sa irin wannan aiki ke yin arha a fili yake: wanda ɗansa zai zauna a ajin ba zai yarda a rage siminti ba.

Masu shakka na tambayar wa zai zaɓi 'yan kwamitin, domin in shugaban jam'iyya na mazaɓa ne ya rubuta sunaye, an dawo gidan jiya. Ga kuma girman kuɗin: miliyan 100 sau 255 ya kama biliyan 25.5, wato ƙasa da kashi 3 cikin 100 na kasafin Kaduna.

Masu bin diddigi

Akwai abu ɗaya da ya sauya ba tare da an lura da shi sosai ba. Daga 2018, shirin SFTAS na Bankin Duniya ya riƙa ba jihohi tukuici in sun wallafa kasafinsu da rahoton binciken kuɗi a intanet. Sakamakon haka, yanzu galibin jihohi na fitar da rahoto duk wata uku, mai nuna abin da aka ware wa kowace ma'aikata da abin da aka saki a zahiri.

Ƙungiyoyi irin su BudgIT da Follow The Money na amfani da irin waɗannan takardu, su je gari su duba ko aikin na nan. Ta biyun ta samo asali ne daga Bagega ta jihar Zamfara, inda gubar dalma ta hallaka yara, matasa suka matsa lamba har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace garin a farkon 2013. Gidajen rediyo masu zaman kansu a Kano da Kaduna ma sun mayar da koken unguwanni shiri na kullum, kuma sau da yawa kwamishina kan amsa kiran rediyo kafin ya amsa takardar koke.

Cikas ɗin shi ne rahotannin da Turanci suke, cike da lambobi, shafi ɗari ko fiye, kuma kuɗin tsaro da gwamnoni ke kashewa ba ya fitowa dalla-dalla a cikinsu. Ƙungiyoyin farar hula na neman a riƙa fassara kason kowace mazaɓa da Hausa, a liƙa a ƙofar mai unguwa da sakatariyar ƙaramar hukuma, tare da sunan ɗan kwangila da ranar gamawa. Kasafin 2026 shi ne cikakke na ƙarshe kafin zaɓen 2027, kuma rahotanninsa na wata uku-uku za su riƙa fitowa a daidai lokacin da 'yan takara ke zagayen neman ƙuri'a.